Daga Hannun Manomi Zuwa Akwatin Mabuɗi: Waiwaye Kan Gidajen Hutu a Karkarar Faransa

A gidajen hutu da yawa na karkarar Faransa, an daina miƙa wa baƙo mabuɗi hannu da hannu. Wani ɗan akwatin ƙarfe ake kafewa a gefen ƙofa, a turo lambobinsa ta waya kwana ɗaya kafin isowa. Iyalin da suka kama hayar sukan iso ranar Asabar da la'asar, su danna lambobin, su ciro mabuɗi, su tarar da takarda a kan tebur mai ɗauke da kalmar sirrin intanet da ranar da motar shara ke zuwa. Mai yiwuwa su yi mako guda cur su tafi ba su ga fuskar mai gidan ba. Abin ƙarami ne a ido, amma tarihin shekara saba'in na ƙauyukan ƙasar yana cikinsa, domin asalin wannan haya an ƙirƙiro ta ne don manomi da ɗan birni su haɗu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙauyukan Faransa sun yi ta zubar da mutane. Matasa suna tafiya masana'antun Paris da Lyon da Marseille, gidajen kakanni suna zama kango. A gundumar da a lokacin ake kira Basses-Alpes, a kudu maso gabas, wani sanata mai suna Émile Aubert ya ga cewa akwai buƙatu biyu da za su iya biya wa juna. Manomi yana da gidan da babu kowa a ciki, kuma yana neman abin ƙarawa a kan ɗan abin da gona ke bayarwa. Ma'aikacin birni kuwa, tun 1936 doka ta ba shi hutun mako biyu da albashinsa, amma kuɗin otal ya fi ƙarfinsa. A 1951 aka buɗe gidan farko a ƙauyen Chaudol, kusa da La Javie. A 1955 aka kafa ƙungiyar Gîtes de France, kundinta na farko yana ɗauke da gidaje 146. Hutun ma'aikata ya ci gaba da tsawo, ya zama mako uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982, harkar kuma ta yi ta bunƙasa tare da shi. Tambarin ƙungiyar zakara ne, darajar gida kuma da zangarniyar alkama ake auna ta, daga ɗaya zuwa biyar. Tambarin da ma'aunin duk daga gona suka fito.

A wancan zamani, neman gidan ma kansa aiki ne na watanni. Tun cikin hunturu ake sayen kundin gunduma, a zauna a duba 'yan ƙananan hotuna da bayanin layi uku. A rubuta wasiƙa, a manna kan sarki, a jira amsa, sannan a aika da kafin alƙalami ta gidan waya. Ranar tafiya a shimfiɗa taswirar Michelin a cinya, a yi ta ɓata hanya ana tambaya. In an iso, matar manomin ce ke fitowa tana goge hannu a jikin rigar aikinta. A arewacin yankin Périgord da maƙwabciyarsa Limousin, dattawa ba sa barin baƙo a bakin ƙofa, sai su ce masa ya ƙarasa shigowa. Za ta zagaya da su ɗaki ɗaki, a ƙirga cokula da faranti tare, a karanta mitar lantarki, ta nuna yadda ake kunna tukunyar gas da inda ƙofa ke cijewa idan an yi ruwa. Sau da yawa akwai ƙwai ko kwalbar 'ya'yan itace da aka dafa da sukari a kan tebur. Baƙi ne ke zuwa da zannuwan gadonsu. Gidan yana ƙanshin tsohon hayaƙi da sanyin dutse, katifa ta lotsa a tsakiya, banɗaki ɗaya ne tak. Amma da sassafe yara sukan ɗauki gwangwani su je wurin tatsa, su dawo da madara mai ɗumi da labarin ɗan maraƙin da aka haifa cikin dare. Shimfiɗar fuska, in ji masu iya magana, ta fi ta tabarma, kuma ita ce babban jarin waɗannan gidaje.

Gundumar Dordogne, wadda mutanenta suka fi kira da tsohon sunanta Périgord, tana nuna yadda al'amarin ya gudana fiye da ko'ina. Ƙasa ce ta tuddai da dazuzzuka a kudu maso yammacin Faransa, koguna biyu, Dordogne da Vézère, suna ratsa duwatsunta masu launin zuma. A 1851 mutanenta sun haura 500,000. Daga nan sai masifu suka jeru. Ƙwaron filoksera ya cinye gonakin inabi a shekarun 1870 da 1880. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashi samari, har yau kuma kusan kowane ƙauye yana da dutsen tunawa a dandali, inda sunan zuriya ɗaya kan fito sau biyu ko uku. Tarakta ta zo ta ƙarasa aikin, domin gonar da a da ke buƙatar hannu goma ta koma ta mutum ɗaya. Zuwa shekarun 1970 mutanen gundumar ba su kai 380,000 ba. Haka lamarin yake a faɗin ƙasa: gonaki sama da miliyan 2 a 1955, kimanin miliyan 1.6 a 1970, wajen 390,000 a ƙidayar 2020. Tun a 1967 masanin zamantakewa Henri Mendras ya fitar da littafi kan ƙarewar ƙaramin manomi a Faransa, shekarun da suka biyo baya kuma suka gaskata shi. Kowane gidan hutu mai kyan gani a Dordogne, in aka bi salsalarsa, gidan wasu ne da suka tafi.

Bai kamata a yi wa rayuwar da suka baro ado ba. Manoman Périgord da yawa ba su mallaki ƙasar da suke nomawa ba, raba amfanin gona suke yi da mai ƙasa, su ci gaba da zama a gidan gwargwadon yardarsa. A tuddan da alkama ba ta yi, 'ya'yan itacen da ake kira châtaigne ne abincin hunturu, a dafa da safe, a dafa da dare. Mata suna ɗaukar wanki zuwa mawankar ƙauye, su durƙusa a kan dutse hannu cikin ruwan sanyi. Akwai ƙauyukan da ruwan famfo bai isa ba sai a shekarun 1960 ko 1970. Ƙaton murhun nan da baƙi ke ɗaukar hoto a yau, mai benci a kowane gefe a cikinsa, an gina shi haka ne domin nan kaɗai ke da ɗumi a gidan gaba ɗaya. Talaucin yankin ne marubuci Eugène Le Roy ya zana a littafinsa Jacquou le Croquant na 1899, wanda talabijin ta mayar da shi wasan kwaikwayo a 1969. Yarinyar da ta bar wannan rayuwa ta kama aikin gidan waya a Bordeaux ba ta yi wauta ba.

Duk da haka akwai abin da ya tafi tare da su wanda kuɗi ba ya dawowa da shi. Périgord ƙasar itacen noix ce, mai 'ya'ya masu taurin ɓawo, ana cin ƙwayarsu, ana kuma matse mai daga gare ta. A daren hunturu maƙwabta kan taru a gida ɗaya don fasa su. Kowa ya ɗora faffaɗan dutse a cinya ko a kan tebur, ya riƙe 'yar gudumar katako, bugu ɗaya a daidai gaɓa, ɓawon ya tsage ba tare da ƙwayar ta farfashe ba, domin cikakkiya ta fi tsada. Ɓawon a zuba a wuta, ƙwayar a tara a kwando. Hannu na aiki, baki na hira cikin harshen Oksitan, wanda shi ne harshen gida kafin makaranta ta danne shi da Faransanci. A nan ake jin wanda zai yi aure, da wanda saniyarsa ta mutu yana buƙatar taimako, da tatsuniyoyin da yara ke barci a kansu. Gobe a koma gidan wani. Inji ya karɓi fasawar, talabijin ta karɓi daren, harshen kuma ya rage a bakin tsofaffi da 'yan makarantu ƙalilan. Baƙon shekarun 1960 ya riski ƙarshen wannan duniya. Baƙon yau yana iya sayen man a kwalba mai kyau, amma zaman da ya haife shi babu.

Waɗanda suka ceci bangon gidajen kuwa akasarinsu daga waje suka zo. Tun daga shekarun 1960 da 1970 'yan Birtaniya da 'yan Holand da mutanen Paris suka fara sayen kangaye da araha. Da jiragen sama masu rahusa suka fara sauka a Bergerac a farkon shekarun 2000, sai abin ya ƙaru, har garin Eymet ya yi suna da yawan Turawan Ingila mazauna. An gyara ɗakunan dabbobi sun zama falo. Dogayen rumfunan katako da ake shanya taba a cikinsu, da noman taba ya ja baya, wasu sun koma ɗakunan kwana. Magina da kafintoci sun sami aiki, haka ma 'yan tsirarun masu sana'ar rufin dutse, waɗanda ke jera fale-falen duwatsu ɗaya bisa ɗaya ba tare da siminti ba, rufin da kan yi ƙarni yana tsaye. Gwamnati ma ta sa hannu. Dokar da ministan al'adu André Malraux ya kawo a 1962 ta ba da damar kare tsofaffin unguwanni ɗungurungum, garin Sarlat na Dordogne kuma yana cikin garuruwan farko da aka gwada ta. Lungunan da suka yi baƙi suna zubewa su ne yau ke jan dubban mutane. Wannan riba ce ta gaske. Ba don kuɗin baƙi ba, da gidaje masu yawa sun zama tarin duwatsu a cikin sarƙaƙiya.

Wanda ya kama gida a kusa da Sarlat yana da abin gani da mako guda ba zai ishe shi ba. A gefen kogin Dordogne, fadojin dutse biyu, Beynac da Castelnaud, suna hararar juna daga kan tsaunuka, kamar yadda suka yi a Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Faransa da Ingila, yaƙin da ya ƙare a Castillon, can ƙasa a bakin wannan kogi, a 1453. Akwai garuruwan da aka zana da gangan a ƙarni na 13, tituna a miƙe, kasuwa a tsakiya: Domme da sarkin Faransa ya kafa a 1281, da Monpazier da aka kafa da sunan sarkin Ingila Edward na Ɗaya a 1284. A La Roque-Gageac gidaje sun manne a jikin dutse, jirage masu shimfiɗaɗɗen gindi suna yawo da baƙi a kan ruwa. Irin waɗannan jirage ne a da ke saukar da katako da giyar inabi zuwa Libourne da Bordeaux, har jirgin ƙasa ya kashe sana'ar a ƙarshen ƙarni na 19. Shi ma jirgin ƙasan zamani ya juya masa baya a wasu wurare: tsohon layin dogo daga Sarlat zuwa Cazoulès yanzu hanyar keke ce. Kowane abin da baƙo ke shaƙatawa a kansa, wahalar neman abincin wani ce a da.

A kwarin Vézère labarin ya fi haka nisa. A Les Eyzies aka tono ƙasusuwan mutanen Cro-Magnon a 1868. A watan Satumba na 1940 wasu samari huɗu suka shiga wani rami kusa da Montignac, suka tarar da bangon kogo cike da zanen dawakai da bijimai da barewa, aikin mutanen da suka rayu kimanin shekara 17,000 da suka wuce ko fiye. Wannan shi ne kogon Lascaux. An buɗe shi ga jama'a a 1948, mutane suka yi ta tururuwa. Numfashinsu da ɗumin jikinsu suka canza iskar kogon, gansakuka ta fara bin zanen. A 1963 aka rufe shi. An gina kwaikwayonsa a kusa aka buɗe a 1983, sannan wani mafi cika a ƙarshen 2016, shi akasarin baƙi ke shiga yanzu. Babu wanda ya je Lascaux da niyyar ɓarna. Sha'awa ce ta kai su, yawanta kuma ya kusa hallaka abin da suka je gani. Masu tunani a yankin suna kallon ƙauyukansu da wannan darasi a zuciya.

Yadda ake yawon ma ya canza. A da taswirar takarda ce jagora, da alamun fenti ja da fari a jikin itatuwa da duwatsu, waɗanda masu sa kai suka fara shafawa a manyan hanyoyin ƙafa tun 1947. Sauran kuma a bakin mai gida ake ji: wace gona ke sayar da cuku, ina ne kogi ke da zurfin da bai dace da yara ba, wace rana ce kasuwar wane gari. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, mai masauki ne sandarsa. Yanzu waya ce ke ja gaba. Ba a ɓata hanya, ba a isa gidan abinci a tarar da shi a rufe, wanda ba ya jin Faransanci ma yana iya karanta allo. Sai dai waya kusan wuri ɗaya take tura kowa. Ƙauyukan da ke cikin ƙungiyar Les Plus Beaux Villages de France, wadda aka kafa a 1982 don ƙauyuka masu kyan gini da mutanensu ba su wuce 2,000 ba, sukan cika maƙil a watan Agusta, alhali wani ƙauye mai nisan kilomita biyar, mai tsohuwar majami'a da tandun burodi na gayya, babu mai leƙa shi. Kasuwar Sarlat ta Laraba da Asabar tana nan da ƙanshin cuku da soyayyen naman agwagwa da tafarnuwa, amma a tsakiyar lokacin zafi sai an yi turereniya, 'yan gari da yawa kuma sukan yi cefanensu da sassafe su gudu.

Ainihin halin da ƙauye ke ciki a watan Nuwamba ake ganinsa. Murafun tagogi a rufe layi guda, tafkunan iyo an lulluɓe su da tamfol, hayaƙi yana tashi daga gida uku cikin goma sha biyar. Kimanin kashi 10 cikin 100 na gidajen Faransa na hutu ne, a wasu ƙauyuka kuma adadin ya ninka haka sau da yawa. Mai zuwa na mako shida ba ya sa yaro a makarantar ƙauye, ba ya shiga ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta sa kai, ba ya sayen burodi a watan Fabrairu. Shagunan shan gahawa da a 1960 suka kai wajen 200,000 a ƙasar, yau ba su kai 40,000 ba. A ƙauyuka da dama injin sayar da burodi ne ke tsaye a inda mai gashi yake a da. Likita ya yi ritaya ba a sami magaji ba. Ba hayar baƙi ce ta jawo duk wannan ba, mota da manyan kantuna na bakin gari da tsufan jama'a sun fi ta laifi. Amma tun da Airbnb da makamantansa suka shigo, lissafin mai gida ya sauya: abin da zai samu a watanni biyu na zafi yana iya fin na shekara guda daga ɗan haya mazauni. A wuraren da baƙi suka fi so, ma'aikaciyar jinya ko matashin magini sukan rasa inda za su zauna. Mai gidan kansa yana iya kasancewa a Landan ko Paris, wani kamfani ne ke share ɗakuna yana canza zannuwa.

Saɓanin da ke tsakanin ƙauyen da ake mafarki da ƙauyen da ake rayuwa a ciki ya kai har gaban alƙali. A tsibirin Oléron, wasu masu gidan hutu sun kai ƙarar maƙwabciyarsu saboda caran zakaranta mai suna Maurice yana tashinsu da asuba. A watan Satumba na 2019 kotu ta ba zakaran gaskiya. An yi irin waɗannan ƙararraki kan ƙararrawar majami'a da kukan kwaɗi da warin taki, har majalisar dokoki ta zartar da doka a watan Janairu na 2021 wadda ta sanya sautuka da ƙamshi da warin karkara cikin gadon ƙasa. Abin dubawa ne cewa tsuntsun da ke kan tambarin gidajen hutu sai da ya nemi kariyar doka daga masu hutu.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji karin magana, amma a nan bana ma tana da nata daɗin da ba a musunsa. Gidajen sun fi tsabta da ɗumi da aminci. Iyalin da ke da tsoho ko mai keken guragu suna iya ganin ƙofa da banɗaki a hoto kafin su biya. Kuɗin haya ya riƙe gonaki da dama da da sun rufe, ya kuma ba matan karkara kuɗin shiga na kansu. Harajin kwana da baƙi ke biya yana shiga asusun ƙananan hukumomi. Tun bayan annobar korona, intanet mai sauri ta sa wasu da suka fara zuwa a matsayin baƙi sun dawo da zama, 'ya'yansu suna cike kujerun aji. Abin da aka rasa shi ne dalilin farko na harkar, wato sanayya. Raɓa ce baƙo, ta sauka da dare ta bushe da hantsi, amfaninta kuma yana ga shukar da ta tarar a ƙasa. Inda babu mazauna, kuɗin baƙo gini kawai yake rayawa.

Hukumomi sun fara gane haka. Dokar da aka zartar a watan Nuwamba na 2024 ta rage rangwamen harajin da masu hayar baƙi ke samu, ta kuma ba magadan gari ikon ƙayyade yawan irin waɗannan gidaje, da rage kwanakin da mutum zai iya ba da hayar gidan da yake zaune a ciki daga 120 zuwa 90 a shekara. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta taƙaita zaman 'yan ƙasar marasa izinin zama zuwa kwana 90 cikin kowane 180. Farin 2022, wanda ya zo da gobarar daji a gundumar Gironde mai maƙwabtaka, ya sa an hana cika tafkunan iyo a wurare da yawa, ya kuma tunatar da kowa cewa ruwan da baƙo ke wasa a ciki shi manomi ke jira. A nasu ɓangaren, ƙauyuka suna buɗe shago ɗaya mai haɗa gahawa da burodi da aikin gidan waya, wani lokaci a ginin hukuma, wani lokaci da hannun masu sa kai. Da daddare a lokacin zafi ana jera dogayen tebura a dandali, manoma su dafa abin da suka noma, baƙo da ɗan gari su zauna a benci ɗaya. Manoman da ke cikin tsarin Bienvenue à la ferme, wanda aka fara a 1988, har yanzu suna karɓar baƙi a gonakinsu da kansu.

Saboda haka tsohuwar hanyar ba ta mutu ba, sai dai ta zama abin da ake nema da gangan. Mai neman haya yana iya zaɓar gidan da mai shi ke zaune a ƙauyen, ya zo a watan Mayu ko Oktoba lokacin da kasuwa ke buƙatar mai saye, ya yi cefane a shagon gari, ya gaida mutane kafin ya tambaye su hanya. Magajin gari yana iya auna gida nawa za a bar wa baƙi, nawa za a tanadar wa masu zama. Makomar ƙauyukan Dordogne da ire-irensu ta rataya ne a kan wannan ma'auni, domin abin da ke kawo baƙo tun farko shi ne wurin da mutane ke noma, suna gasa burodi, suna kai yara makaranta duk tsawon shekara.